TUMBI BA JARI BA NE: JAWABI A TARON WATA-WATA NA JAMA'ARMU A SABO, IBADAN



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin ƙungiya, iyaye, yayye da ƙanne, ina yi muku barka da zuwa. Kwamiti ya ɗora mini in yi magana a kan tumbi, da yadda ake rage shi. Na ga wasu har sun soma gyara babbar riga. Ku kwantar da hankalinku, ba zan kama suna ba.

Mu dai mun tashi mun tarar ana cewa teɓa alamar hutu ce. Mutum ya zo Kurmi da ƙaramar jaka, bayan shekara goma ya koma gida sallah da ciki a gaba, sai a ce ai wane kasuwa ta karɓe shi. Kuma irin suturarmu ba ta tona asiri. Mai sa wando da bel, ramin bel ɗin zai gaya masa ya ƙaru. Mu kuwa mazagi ne, kullum sai dai a ƙara sassauta shi, kaftani ya rufe sauran.

To jama'a, likitoci sun ce kitsen ciki iri biyu ne. Akwai na ƙarƙashin fata, wanda za ka iya mintsina da yatsu. Akwai kuma na can ciki, wanda yake nannaɗe hanji da hanta. Shi ne yake turo ciki gaba ya yi tauri kamar ganga, kuma shi ne mai ɓarna, don yana da hannu a ciwon sukari, hawan jini, ciwon zuciya da kitsen hanta. Ba sai na ba ku labari ba. Kowa a nan ya san wani maigida da ɓarin jikinsa ya shanye, aka rufe rumfa, yara suka watse, masu bashi suka yi shiru, a ƙarshe muka haɗa kuɗin mota aka mai da shi gida a kwance. Allah ya kiyaye mu. Baƙo a garin mutane, jikinsa ne jarinsa na fari.

Yaya mutum zai san inda ya tsaya? Abin awon tela ya isa. Ka ɗaga riga, ka zagaya shi tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, wajejen cibiya ke nan, ka saki numfashi, ban da shanye ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce namiji in ya wuce santimita 94, wato inci 37, haɗari ya soma. In ya wuce 102, inci 40 ke nan, haɗarin ya yi yawa. Mace kuwa santimita 80 da 88. Akwai kuma lissafi mai sauƙi da hukumar tsara jiyya ta Ingila ta ba da shawara a kai a 2022: kada faɗin ƙugunka ya kai rabin tsawonka. Wanda ba shi da abin awo ya sami igiya, ya auna tsawonsa, ya ninka ta biyu, ya ga ko za ta zagaye cikinsa.

Yanzu ga inda mutane da yawa suke asarar ƙarfinsu, musamman samarinmu. Suna ganin hotunan 'yan ƙwallo da 'yan fim a waya, ciki ya rabu gida shida, abin da suke kira sikis-fak, sai su duƙufa kwanta-tashi ɗari biyu kowace safiya, wai kitsen wurin zai narke. Ba ya narkewa haka. A 2011 wasu masu bincike a Amurka sun sa mutane motsa ciki iri bakwai, kwana biyar a mako, har mako shida, ba tare da sun canza cin abincinsu ba. Da aka auna, tsokar cikin ta ƙara juriya, amma kitsen yana nan inda yake. Dalili kuwa shi ne jiki ba ya ɗibar kitse daga wurin da ka motsa. Yana ɗiba ne daga ko'ina, yadda aka halicce shi.

Ita wannan tsoka mai gida-gida, kowa yana da ita, har Alhajin da ya fi kowa teɓa a ɗakin nan. Doguwar tsoka ce daga ƙirji zuwa mara, wasu jijiyoyi suka gitta ta suka yanka ta. Wani gida huɗu ne nasa, wani shida, wani takwas, wannan halitta ce, ba a canza ta. Abin da ya ɓoye ta shi ne kitsen da ya kwanta a kai. Ku je Bodija da safe ku dubi 'yan dako masu sauke buhunan wake da masara. Wane ne ya taɓa kai su gidan motsa jiki? Amma in suka tuɓe riga sai ka ƙirga gidajen. Haka 'yan dambe. Aikin da suke yi yana cinye abin da suka ci.

Mu 'yan kasuwa ne, bari in yi mana da harshenmu. Ciki sito ne. In kayan da ke shigowa sun fi waɗanda ake fitarwa, dole sito ya cika. Turawa suna auna ƙarfin abinci da abin da suke kira kalori. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sukari ko gari kalori 4. Babban cokali ɗaya na manja ko man gyaɗa wajen kalori 120 ke nan, kuma kafin ka ƙone shi sai ka yi tafiya mai sauri ta kusan rabin awa. To ku tuna cokali nawa ne yake yawo a kan miyar amala ɗaya. Shi ya sa rage shigowa ya fi saurin tasiri, ko da yake dole a haɗa duka biyun.

Duba yinin ɗan kasuwa a nan. Da safe shayi mai kauri, madara da sukari, da rabin burodi. Hantsi ya yi, baƙo ya zo, a aiko da lemon kwalba biyu, kai ma ka sha don kada ya ji kunya. Azahar teba ko sakwara malmala uku. La'asar fura da sukari. Dare tuwo, sannan a fita majalisa a ci tsire har sha ɗaya. Duk wannan a zaune a kan benci, in za ka je masallacin da ke bayan layi ma wani lokaci sai ka hau babur. Ni a ganina, abin sha ya fi yi mana illa, domin ba ya ƙosarwa, mutum bai ma san ya ci wani abu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kamar giram 50 a yini ga babban mutum, ƙaramin cokali 12 ke nan, kuma babbar robar lemo ɗaya tana iya cinye wannan kason gaba ɗaya. Har gwamnatin tarayya, a dokar kuɗi ta 2021, ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka. Ba mu fasa ba.

Ban ce a zauna da yunwa ba. Mai malmala uku ya koma biyu, ya ƙara ganye. Allah ya hore wa garin nan ganye: ewedu, wato lalo ɗinmu, ga alayyafo, ga kuɓewa, ga zogale. Wake, ƙwai, kifi, nama marar kitse da nono marar sukari suna riƙe ciki, kuma su ne suke gina tsoka. A roƙi uwargida ta riƙa auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga galan. Baƙo in ya zo, ruwa da goro ma karamci ne. Da azumi kuma a lura, don wasu suna fitowa daga watan sun fi yadda suka shiga nauyi, saboda ƙosai da soye-soye da zoɓo mai zaƙi tun daga magariba har sahur.

Sai motsa jiki. Shawarar hukumar ta 2020 ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiyar da za ka iya magana amma numfashinka ya ɗan ɗaga, da kuma kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Rabin awa sau biyar ke nan a ƙalla. Daga nan zuwa filin wasa na Adamasingba ba nisa, ga kuma hawan Mokola ga mai son gumi. A ɗaki kuwa, ka tsuguna ka miƙe sau goma, ka huta, ka sake. Ka kifa ciki, ka dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe kamar katako, ka ƙirga ashirin. A hankali ka kai sittin. Wannan yana ƙarfafa ciki da gadon baya, ya fi kwanta-tashi sauƙi ga ƙugun dattijo.

Samari, in kun rage kitse sosai kuka dage da wannan, gidajen za su fito, amma aikin watanni ne. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne sauka mai lafiya. Mu da muka haura hamsin kuwa, ba mai neman mu a fim. Wani babban bincike a Amurka da aka buga a 2002, kan mutum fiye da 3,000 da ke bakin kamuwa da ciwon sukari, ya nuna waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da tafiyar minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100. Mai kilo 100 ya sauke 7 kawai. Wace haja ce take ba da irin wannan riba?

Shayin rage tumbi da ake talla a tasha da cikin waya, da yawansu ganyen sa zawo ne irin su filasko. Ruwan jikinka ne yake fita, ka sha ruwa ya dawo. Ɗamarar roba mai sa gumi ma haka. Ku riƙe kuɗinku.

Gargaɗi biyu. Mai shan maganin sukari ko yin allurarsa, da mai hawan jini ko ciwon ƙirji, ya ga likita kafin ya rage abinci ko ya soma motsa jiki, don sukari yana iya faɗuwa ya kayar da mutum. Na biyu, wanda cikinsa yake kumbura alhali hannuwansa suna ramewa, ƙafa tana kumburi ko ido ya yi rawaya, wannan ba teɓa ba ce, yana iya zama ruwa daga ciwon hanta ko zuciya. A kai shi asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Na zo da abin awo guda uku, suna wajen sakatare a bakin ƙofa. Kowa ya auna kafin ya fita, ya rubuta a takarda ya sa a aljihu, ba sai ya nuna wa kowa ba. Iyayenmu mata, an aika muku da naku ɓangarenku. Masu son tafiyar safe mu haɗu nan ƙofar ranar Asabar bayan sallar asuba, a zo da takalmi mai rufi, ban da silifa. In Allah ya kai mu taron wata uku masu zuwa, za a sake awo.