Gawayin Kufai da Tarihin Katsina Laka



Duk wanda ya tashi a tsakanin Funtuwa da Malumfashi, ya taɓa bin shanun huɗa a gonar mahaifinsa, ya san akwai wuraren da garma kan yi ƙara idan ta iso su. A duba sai a ga kashin maƙera baƙi ƙirin, da guntayen kasko, da toka, wani lokaci har da dunƙulen gawayi. Manomi kan yi tsaki ya tsince su ya jefa bakin iyaka, domin suna cin kaifin garma. A yau muna so mu yi magana ne a kan wannan gawayi, domin idan ya shiga hannun masani yana iya faɗin shekarun da ya yi a kwance, idan kuwa aka tsince shi aka jefar, to shi ke nan, ba ya sake faɗin kome.

Bari mu fara da yadda awon yake. A cikin iskar da ke kewaye da mu akwai wani nau'in sinadarin kabon da ake kira kabon 14, wanda ke samuwa can sama inda haskoki daga sararin samaniya ke dukan iska. Kaɗan ne ƙwarai, kamar ƙwaya ɗaya a cikin miliyan sau miliyan ta sauran kabon. Itace yana shan wannan iska muddin yana raye. Ranar da aka sare shi, shan ya tsaya, kabon 14 ɗin da ke jikinsa kuwa sai ya dinga raguwa bisa ƙa'idar da ba ta sākewa: bayan shekara 5,730 saura rabi, bayan 11,460 saura rubu'i. Gawayin da ya shekara 1,000 ya rasa wajen kashi 11 cikin 100 ke nan. Saboda haka in an auna abin da ya rage, sai a lissafa tsawon zamanin da ya wuce. Wani masani Ba'amurke, Willard Libby na Jami'ar Shikago, shi ne ya fito da wannan dabara a 1949, aka kuma ba shi lambar Nobel a 1960. Awon yana aiki har zuwa wajen shekara 50,000. Da can sai an sami gawayi mai ɗan yawa, amma tun daga 1977 aka sami na'urar da ke ƙidaya ƙwayoyin kai tsaye, har ma ƙwayar hatsi guda tana isa.

Me ya sa gawayi? Domin a ƙasarmu gara da ruwan damina ba sa barin itace. Azara da turmi da ƙotar fartanya duk sun koma ƙasa. Abin da wuta ta ƙona ne gara ba ta ci, shi ya sa ya iso mu.

Kada a ɗauka wannan labarin ƙasashen Turawa ne kurum. Daga Funtuwa in an kamo hanyar Zariya, aka wuce Giwa da Shika, sai Samaru. A nan ne John Sutton, malami a Jami'ar Ahmadu Bello, ya haƙa wuraren narkar da tama a shekarun 1970, gawayin da aka samu kuma ya nuna ana wannan sana'a a wurin fiye da shekara 1,000 da suka wuce. A Kano ma, gawayin wani murhun tama a Dala ya ba da shekara ta 635 Miladiyya, da ragi ko ƙarin shekara 95. Ku gwada wannan da littafin tarihin sarakunan Kano, wanda bisa lissafin Palmer ya sa hawan Bagauda a 999. Watau maƙera suna zuga wuta a gindin Dala shekara ɗari uku ko fiye kafin sarki na farko da aka rubuta sunansa. Lalle wannan ya isa ya sa mu sassauta murya idan muna cewa tarihin gari daga sarkinsa na fari ya soma.

Amma fa a lura da wannan ragi ko ƙari. Masanin da ya ce 635 da ragi ko ƙarin 95, abin da yake nufi shi ne mai yiwuwa lokacin yana tsakanin 540 da 730, kuma ko wannan ma yiwuwarsa kashi biyu ne cikin uku. Daɗa kuma yawan kabon 14 a cikin iska bai zauna daidai a kowane zamani ba, don haka sai an gyara lissafin ta hanyar gwada shi da zoben shekaru na tsofaffin itatuwa. Mu ɗalibai muna da ɗabi'ar haddace lamba ɗaya mu zuba a jarrabawa, mu watsar da wutsiyarta, alhali kuwa gaskiyar tana cikin wutsiyar.

Akwai wata matsala da ta fi wannan, kuma duk wanda ya san maƙera zai gane ta nan da nan. Maƙeri ba ya son gawayin kowane itace, ya fi son na ƙirya saboda ƙarfin wutarsa. Ƙirya kuwa itace ce mai daɗewa, kuma bushasshiyarta tana iya shekaru a tsaye ba ta ruɓe ba. Awon kabon yana faɗin lokacin da wannan sashe na itacen ya daina shan iska ne, bai san ranar da aka hura wuta ba. In maƙeri ya ƙona zuciyar tsohuwar ƙirya, sai awon ya tsofar da murhunsa fiye da yadda yake. Wannan ne ya sa masana a yanzu suka fi son ƙananan rassa da ƙwayar hatsi, wadda damina ɗaya ce ta haife ta. Ayarin Jami'ar Farankfot ta Jamus da ya fara aiki a yankin Nok a 2005, ƙarƙashin Peter Breunig, da ƙonannen gero ya yi aiki da yawa, har ya mai da mafarin wannan al'umma zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa.

Labarin Nok, a kudancin Kaduna, yana da wani darasi da ya shafi gonakinmu kai tsaye. Mutum-mutumin yumɓu na farko a ramukan haƙar kuza aka same su, inda ruwa ya daɗe yana kwaso kaya yana cakuɗawa. Da Bernard Fagg ya aika da itacen da aka samu a wurin aka auna, wani ya ba da wajen 900 kafin haihuwar Annabi Isa, wani kuma wajen 200 bayanta. Tazarar shekara 1,100 ke nan! Sai da ya haƙa Taruga a shekarun 1960, inda ya sami gawayi a cikin murhun tama daram yadda masu shi suka bar shi, sannan aka iya cewa ana narkar da ƙarfe a can tun tsakanin ƙarni na 5 da na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Na'urar ɗaya ce, bambancin kawai shi ne an san inda gawayin yake kwance, da abin da ke sama da shi, da abin da ke ƙarƙashinsa.

To, mu dawo gida. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981, ya nuna muhimmancin tsofaffin garuruwan kudu irin su Maska da Gozaki, kuma ya dogara ƙwarai a kan bakin dattawa da rubuce-rubucen malamai. Dattijo yana iya kai mu ga kakan kakansa, daga nan sai ya ce haka muka taras. Abin da ke bayan wannan, ƙasa ce ke riƙe da shi, ƙasar kuwa ita ce wadda muke nomawa. Laka mai albarka da ta jawo mutanen da, ita ce ta jawo auduga da masara. Tun da aka kafa shirin raya aikin gona na Funtuwa a 1975 da taimakon Bankin Duniya, noma ya ƙara faɗi, garma da tarakta kuma suna tona abin da fartanya ba ta kai gare shi. Ga kuma ƙonan sassabe na kowace shekara. In tarakta ta birkice kufai, gawayin bana ya haɗu da na shekara 1,000, babu masanin da zai iya cewa wanne ne na murhun. Ba ma ganin laifin manomi, abinci yake nema, kuma ba a taɓa gaya masa cewa tsibin da ke ci masa garma yana da wani amfani ba. Masu tonon dare don neman tukunyar dukiya su ne ba mu da uzurin da za mu ba su.

Mu ne 'ya'yan manoman nan, mu ne kuma ke komawa gida hutun damina. In ɗayanmu ya ga tsibin kashin maƙera, ko bututun yumɓu, ko gindin murhu a bakin rafi inda zaizaya ta buɗe ƙasa, kada ya ciro gawayin ya sa a aljihu don ya kawo wa malaminsa, ya ɓata shi ke nan. Ya ɗauki hoto, ya rubuta sunan gonar da nisanta daga gari, ya roƙi Baba a kewaye wurin da garma ko da taki goma ne, ya gaya wa mai unguwa ko dagaci. In an dawo makaranta sai a kai labari Sashen Nazarin Kayan Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, ko ga Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta ɗora wa alhakin ba da iznin haƙa irin waɗannan wurare.