Cinikin Rigakafi a Ƙasar Amurka



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wata sana'a da ta yi ƙarfi a ƙasar Amurka, watau sana'ar kamfanonin da ke karɓar kuɗi domin su kula da lafiyar jama'a a dunƙule, tun kafin ciwo ya kwantar da su. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma ba mai musun haka. Amma da zarar rigakafi ya zama haja aka sa masa farashi, wajibi ne mai saye ya bincika ko abin da aka ba shi ya yi daidai da abin da ya biya.

Asalin al'amarin yana cikin yadda ake biyan likita. Bisa tsohuwar al'ada, likita ba ya samun ko anini sai mutum ya kamu da ciwo ya zo wurinsa. A cikin shekarar 1933 wani likita mai suna Sidney Garfield ya buɗe ƙaramin asibiti a hamadar Kalifoniya, domin leburorin da ke gina hanyar ruwa daga Kogin Kolorado zuwa birnin Los Angeles. Kuɗi ba su shigowa yadda ya kamata, har asibitin ya kusa durƙushewa. Sa'an nan aka sake shiri: a riƙa biyansa santi biyar a kowace rana a kan kowane ma'aikaci, ko ya yi ciwo ko bai yi ba. Nan take lissafin ya juya. Duk leburan da ya ji rauni ya zama hasara ga asibiti, duk wanda ya zauna lafiya ya zama riba, sai likitan ya mai da hankali ga hana haɗari a wurin aiki. Attajirin nan Henry Kaiser ya ɗauki tsarin ya kai wuraren aikinsa, aka buɗe shi ga kowa da kowa a 1945, kuma shi ne ake kira Kaiser Permanente. A 1973 gwamnatin Amurka ta yi doka don ƙarfafa irin waɗannan ƙungiyoyi.

Kamfanonin wannan zamani jikokin wancan shiri ne. Wanda yakan ɗauke su aiki shi ne mai ɗauke da nauyin kuɗin magani, ko kamfanin inshora, ko ma'aikata mai ɗimbin ma'aikata, ko gwamnati, kuma galibi akan biya su a kan kowane mutum a kowane wata. Aikinsu na fari shi ne tattara bayanan asibiti da na sayen magani, su zuba cikin kwamfuta, ta jera mutane bisa ga wanda ya fi kusa da kwanciya asibiti. Dalilin wannan jeri kuwa shi ne, a Amurka kimanin kashi 5 cikin ɗari na jama'a su ne ke cin kusan rabin dukan kuɗin da ake kashewa kan lafiya. Bayan haka sai a haɗa mutum da wanda za a iya kira jagoran lafiya, ko ma'aikaciyar jinya, ko masanin abinci, ko wani da aka yi wa horo na musamman. Jagoran ba ya rubuta magani. Nasa shi ne ya kira mutum a waya, ya tambaye shi abin da ya ci, ko ya sha maganin hawan jini, ko ya taka ƙafa yau, ya kuma lallashe shi. Kamfanoni irin su Livongo da Omada sun ƙara da aika wa mutum sikeli ko na'urar awon sukari, wadda ke kai musu sakamako ta intanet.

To, shin lallashi yana magani? Yana yi, kuma akwai hujja mai ƙarfi. A 2002 aka buga sakamakon wani babban gwaji na rigakafin ciwon sukari, wanda aka yi da mutum 3,234 masu alamun kamuwa da ciwon. An raba su kashi uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka ba su ƙwayar da ba ta da magani a ciki, kashi na biyu aka ba su maganin metformin, na uku kuma aka haɗa kowannensu da jagora, ya koya masa darasi 16 ido da ido, da nufin ya rage kashi 7 cikin ɗari na nauyin jikinsa, ya kuma motsa jiki minti 150 a mako. A cikin kusan shekara uku, kamuwa da ciwon ya ragu da kashi 31 cikin ɗari ga masu shan magani, ga masu jagora kuwa da kashi 58. Haƙiƙa wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma yawancin kamfanonin da shi suke kafa hujja.

Sai dai abin da aka yi a gwaji, da ƙwararru da isasshen lokaci, daban ne da abin da ake sayarwa a kasuwa. A 2005 hukumar Medicare, wadda ke biya wa tsofaffin Amurka kuɗin magani, ta jarraba kamfanoni takwas da mutum fiye da 240,000 masu ciwon sukari ko ciwon zuciya. Ma'aikatan jinya suka yi ta kiran tsofaffin a waya. Da aka buga sakamako a 2011, sai aka ga an ɗan sami ci gaba wajen wasu gwaje-gwajen asibiti, amma kwanciya asibiti ba ta ragu yadda aka yi alkawari ba, kuma ba a sami rarar kuɗi ba. A 2012 ofishin kasafin kuɗi na majalisar dokokin ƙasar ya duba shirye-shirye 34 irin waɗannan, ya tarar waɗanda suka taɓuka wani abu galibi su ne inda jagoran ke ganin majinyaci da idonsa, yake kuma aiki kafaɗa da kafaɗa da likitansa. Muryar baƙo daga nesa ba ta cika sa dattijo ya bar abincin da ya saba ci shekara sittin ba.

Ana iya tambaya, in haka ne, yaya kamfanonin ke fitar da alƙaluma masu ban sha'awa? A nan ya kamata ɗalibai su saurara da kyau, gama amsar darasi ce ta lissafi, kuma ba lalle sai an yi ƙarya ba. Alal misali, a shiga wani ƙauye a zaɓi manoma goma da suka fi kowa hasara a bana, a ba su wata shawara, ko da marar amfani ce. Baɗi za a tarar yawancinsu sun fi bana samu. Dalili shi ne an zaɓe su ne a shekararsu mafi muni, wani fari ya same shi, wani fara, wani rashin lafiya, kuma da wuya irin wannan ta maimaitu a kan dukansu. Mai shawara sai ya ce aikinsa ne. Haka yake ga majinyata: wanda ya fi kowa kwanciya asibiti a bana, sau da yawa yakan sami sauƙi baɗi ko ba a yi masa kome ba.

An ga wannan a fili a garin Camden na Jihar New Jersey. Wata ƙungiya ta can, wadda ba ta neman riba, ta yi suna ƙwarai wajen bin majinyatan da suka fi yawan kwanciya asibiti har gidajensu, kuma alƙalumanta sun nuna kwanciyar tasu ta ragu. Abin yabo ne cewa ita da kanta ta yarda a gwada aikinta ta hanyar ƙuri'a. Aka ɗauki mutum 800, rabi aka kula da su, rabi aka bar su kamar yadda aka saba. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna cewa a cikin kwana 180, kimanin kashi 62 cikin ɗari na kowane ɓangare sun sake kwanciya. Ragowar da aka yi ta murna da ita ta auku har ga waɗanda ba a taɓa ba.

Akwai kuma wata hanyar ruɗu. A Jami'ar Illinois an gwada shirin kula da lafiyar ma'aikata da mutum kusan 5,000, aka buga sakamako a 2019. Waɗanda suka shiga shirin da son ransu sun fi sauran lafiya, amma da aka duba baya sai aka ga tun can ma sun fi su lafiya, sun fi su motsa jiki. Shirin ya tattara masu lafiya ne kawai. Duk da haka kasuwa ba ta saurara ba: a 2020 kamfanin Teladoc ya sayi Livongo a kan dala miliyan dubu 18.5, a 2022 kuma ya rage fiye da dala miliyan dubu 13 daga darajar kadarorinsa a littattafan lissafinsa.

Daɗa akwai batun sirri, wanda ya isa lacca guda. Dokar lafiya ta 2010 ta yarda ma'aikata ta bambanta kuɗin inshorar ma'aikatanta har kashi 30 cikin ɗari bisa ga shiga irin waɗannan shirye-shirye da cika sharuɗɗansu. Ma'aikacin da albashinsa bai taka kara ya karya ba, da wuya a ce da son ransa ya miƙa awon jininsa da nauyin jikinsa.

Ma'aikatan gwamnatin tarayya a Nijeriya ba baƙi ba ne ga tushen wannan tsari. Shirin inshorar lafiya na ƙasa ya fara aiki da su a 2005, inda kamfanoni masu shiga tsakani ke miƙa wa asibiti wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum a wata, watau dai dabarar Garfield. A 2022 sabuwar doka ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Wasu daga cikin mazauna wannan zaure, su ne wata rana za a ajiye wa takardar kwangila a kan tebur, tare da jadawalin da ke nuna ciwo ya ragu. Kafin su sa hannu, sai su nemi a gaya musu da waɗanne mutane aka gwada waɗanda aka kula da su, ko ƙuri'a ce ta raba su ko son rai, ko jagoran zai ga majinyaci da likitansa ko kuwa waya ce kurum, da kuma nawa ne daga cikin ladan kamfanin zai dawo baitulmali idan alkawarin bai cika ba.