AMSAR TAKARDUNKU: Me Ya Sa Tukunyar Gas Ba Ta Kai Mu Ƙarshen Wata?

Takardarmu ta yau ta fito ne daga Pauwa, cikin Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara ta Jihar Katsina, daga wani manomi da ke taɓa fataucin hatsi. Ya ce shiga daji neman itace ya zama kasada a wajensu saboda ɓarayin daji, gawayi kuma ya yi tsada, shi ya sa ya sayo wa iyalinsa tukunyar gas mai cin kilo 6. To amma ko mako biyu ba ta yi sai ta ƙare, har abin ya fara jawo 'yar tsama tsakaninsa da uwargida. Yana tambaya: cutarsa ake yi wajen ɗuri, ko kuwa a gida ake ɓarna?

To Malam, mun gode da takarda, Allah ya kawo mana zaman lafiya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ƙasa baki ɗaya. Kafin mu shiga, a lura iskar gas ta girki muke nufi, ba man gas na manyan motoci ba.

Da farko dai, tsadar kilo ba daga gidanka take ba. Wani kaso na gas ɗin nan daga kamfanin NLNG yake fitowa, can Bonny a Jihar Ribas. A jirgin ruwa ake kai shi Legas, sa'an nan tanka ta ɗauko shi ta yi tafiyar kusan kilomita dubu kafin ya iso wajenku. Farashinsa kuma yana bin dala. A 2023 aka janye tallafin fetur, aka kuma saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, sai kuɗin dako da na komai suka tashi. A watan Oktoba na 2025 ma an yi ƙarancinsa bayan yajin aikin manyan ma'aikatan mai kan rikicinsu da matatar Ɗangote. Duk wannan ba ka da iko a kansa. Ikonka yana tsakanin sikelin mai ɗuri da gindin tukunyar tuwo.

Mu yi lissafi. Kilo ɗaya na gas, in an buɗe wuta sosai a kan murhu guda, yakan yi wajen awa biyar, gwargwadon girman murhun. Kilo 6 ke nan wajen awa talatin. In ana girkin awa uku kullum, ga koko, ga wake da rana, ga tuwo da miya da dare, ga ruwan wanka, kwana goma ya ishe ta ƙarewa. Ka ga ashe ba lalle ne uwargida ta yi ɓarna ba, Malam. A sassauta mata. Abin yi shi ne a rage awoyin da wuta ke ci, a kuma tabbatar abin da aka biya shi ne ya shigo gida.

Mu fara da wajen ɗuri. Kai da kake auna hatsi ka san ba a sayen tiya a duhu. Kowace tukunyar gas akwai nauyinta in ba komai a ciki, a rubuce a jikin mariƙinta. Misali in tukunya mai cin kilo 12 da rabi ce, aka rubuta 14, to in an cika ta sikeli ya nuna 26 da rabi. Ka tsaya a auna a gabanka kafin ɗuri da bayan ɗuri. In kana da sikelin ratayawa na auna buhu, ka sake aunawa a gida. Ka kuma rubuta ranar da aka yi ɗuri a jikin bango ko kalanda. Da haka za ka gane mai ɗurin da ke cika mudu da wanda ba ya cikawa.

Na biyu, yoyo. Gas yakan zurare ta tiyon da ya tsage ko bakin tukunya da robarsa ta cinye, dare da rana, ba a dafa komai ba. A kaɗa sabulu ya yi kumfa a shafa a bakin tukunya da duk inda tiyo ya haɗu da ƙarfe. In kumfa na tasowa, akwai yoyo. Kada a kuskura a gwada da ashana, kun ji? In an gama girki a rufe daga kan tukunyar gas ɗin kanta, ba daga murhu kaɗai ba. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, saboda haka kada a ajiye tukunya a ɗakin kwana ko kusa da murhun itace. In aka ji warinsa, a rufe, a buɗe ƙofa da taga, kada a kunna komai. Tukunyar da ta yi tsatsa ko ta lotsa kuwa a rabu da ita ko da kyauta aka ba ka. Araha ba ta ado.

Na uku, wutar kanta. Wuta mai kyau shuɗiya ce. In ta koma rawaya tana baƙanta gindin tukunya, ƙofofin murhun sun toshe da miya ko ƙura, gas na fita bai gama ƙonewa ba. A bari ya huce, a cire kan a wanke, a tsokace ramukan da tsinke. Har ila yau iska ɓarauniyar wuta ce, balle da hunturu in ana girki a tsakar gida. A kāre murhun da guntun kwano ko 'yar katanga, amma kada a lulluɓe tukunyar gas ɗin har ta ɗauki zafi.

Yanzu kuma gare ki uwargida, don mun san kina jinmu. Ruwa in ya tafasa ya kai iyakar zafinsa, ƙara wuta ba ya sa abinci saurin nuna, tururi kawai yake ƙarawa. Da ya tafasa ki rage wuta, ki sa murfi mai kama baki. Kada harshen wuta ya zarce gindin tukunya. Ki gama jajjage da yanke-yanke kafin ki kunna. Wake kuwa ki jiƙa shi tun dare, da safe ki sa 'yar kanwa kamar yadda kika saba.

Ga kuma wata dabara da ba ta cin ko sisi. Ki sami babban kwando ko kwali, ki shimfiɗa ƙaiƙayi ko auduga ko tsofaffin tsummoki masu kauri a ƙasa da kewaye. Ki tafasa jiƙaƙƙen wake sosai kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin, ki sauke da murfinsa ba tare da buɗewa ba, ki naɗe da zane ki cusa cikin kwandon, ki danne da bargo. Bayan awa uku zuwa huɗu ki duba. Zafin da ke ciki shi zai ƙarasa dahuwar. Shinkafa minti biyar a wuta, sa'an nan kamar awa guda a kwando. In abincin ya daɗe har ya fara hucewa, ki sake tafasa shi kafin a ci.

Daga ƙarshe, Malam, ba dole ne komai ya hau gas ba. Ƙasarku ƙasar masara da dawa ce. Da kaka a killace kara da totuwa inda ruwa ba zai taɓa su ba, a bar musu ruwan wanka da tuwon taro da dahuwar ganda. A gina murhun laka mai kewaye tukunya da ƙofa guda, ya fi duwatsu uku tattalin makamashi nesa ba kusa ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun daɗe da irin wannan tunani, har suna da murhun ƙarfe da suke kira Mai Sauƙi. A yi wannan girkin a fili saboda hayaƙi, don yana cutar da ƙirji da idon mata da yara. Gas kuwa a bar shi ga kokon safe da miya da ɗumame da ranar da ruwan sama ya jiƙa komai.

Ka gwada waɗannan ɗuri biyu a jere, ka ƙirga kwanakin da ka rubuta a bango, sa'an nan ka sake rubuto mana mu ji yadda ta kaya, don sauran jama'a su amfana. A gaida uwargida da yara da dukan mutanen Pauwa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.