MAƊIGAR JARIRI BA CUTA BA CE

Uwargida, taɓa kan jaririnki. Ba ƙashi ɗaya ba ne. Ƙasusuwa ne da ba su gama haɗuwa ba, don ya sami fitowa ranar haihuwa, ƙwaƙwalwa kuma ta sami wurin girma. Wurin nan mai taushi da ke bugawa, shi ne maɗiga. Da kanta take rufewa, yawanci kafin ya cika shekara 2. Kada ki shafa mata komai, kin ji ko?

Amma fa in ta lotsa, yaro na zawo, ruwan jikinsa ne ke ƙarewa. Ci gaba da shayarwa, ba shi ruwan gishiri da sukari, ki kawo shi asibitin Magami yau.

In ta kumbura da zazzaɓi, ko tsakar dare ne, kawo shi. Mun ga sanƙarau a Zamfara a 2017.