Hasken Rana Da Alkawarin Ƙasa: Jawabi Ga 'Yan Nasarawa Mazauna Kudu



A shekarar 2021, wajen taron ƙasashen duniya a Gilasgo, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari cewa kafin 2060 Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa, wato hayaƙin da ke ɗumama duniya, yana rikita damina. Cikin wannan shekara kuma ya sa hannu a kan Dokar Canjin Yanayi. Da aka yi lissafi a 2022, an ga aikin zai ci kimanin dala biliyan 10 kowace shekara bisa abin da aka saba kashewa. Wannan kuwa ya fi ƙarfin baitulmali shi kaɗai, shi ya sa aka gayyato 'yan kasuwa.

Jihar Nasarawa ta ga amfanin wannan haɗin gwiwa. A Nuwamba 2021 kamfanin Husk Power Systems ya buɗe ƙananan tashoshin lantarki shida masu aiki da hasken rana: Rukubi da Idadu da Igbabo a ƙasar Doma, sai Kiguna da Akura da Gidan Buba a ƙasar Lafiya. Hukumar samar da lantarki a karkara, da kuɗin Bankin Duniya, ta biya tallafi a kan kowane gida ko shago da aka ja wa wuta. Kamfani ya zuba sauran jari, jama'a kuma suna biyan kuɗin abin da suka sha.

To, amma fitilar ɗaki ba ta riƙe tasha. Abin da ke riƙe ta shi ne injin niƙa, da na casar shinkafa, da walda, da firji, waɗanda ke cin wuta da rana. In babu su, kamfani zai yi hasara, sauran 'yan kasuwa su ja baya, ƙauyukan Keffi su ci gaba da janareto, bakin titi kuma ya ci gaba da cika da buhunan gawayi.

Nan ne aikin mazauna Ikko da Badun da Fatakwal yake. Kuɗin da ake aikawa gida, a ware wani abu a sayi injin da ke aiki da lantarki. Ƙungiyoyin 'yan gari kuma su rubuta wa wakilansu na majalisa, su nemi a sa garuruwansu cikin shirin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba da damina mai albarka. Wassalam.