Kitsen Jini da Gigin Tsufa



Kusan kowannenku ya san wani dattijo da a da yake gane shanunsa ɗaya bayan ɗaya, ko yake riƙe lissafin bashi da ka, amma yau sunan jikansa ma sai an tuna masa. Mukan ce gigin tsufa ne, wasu su ce sammu ne ko iska. Likitoci kuwa sun ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma yakan soma ɓarna shekaru da dama kafin mantuwar ta fito fili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi.

To, ko jini zai iya tona shi da wuri? Masana na duba kitsen da ke yawo a jini, domin bawon ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da kitse aka gina shi, in sun soma lalacewa ana sa ran alamar ta faɗo cikin jini. A 2014, masu bincike a Jami'ar Georgetown ta Amurka suka ba da sakamakon bibiyar tsofaffi 525, 'yan shekara 70 zuwa sama, har tsawon shekara biyar. Sun ga nau'in kitse 10 sun yi ƙasa a jinin waɗanda mantuwa ta kama bayan shekara biyu zuwa uku. Sai dai da wasu suka sake gwadawa a kan wasu mutanen, sakamakon bai yi ƙarfi haka ba. Saboda haka har yanzu bincike ne. Duk wanda ya tare ku a kasuwa da na'ura ya ce zai duba muku wannan, kuɗinku yake so.

Amma akwai awon da ake yi a manyan asibitocinmu: na kitsen da ake kira kolestarol. A 2024, kwamitin masana na mujallar Lancet ya saka yawan mugun nau'insa, LDL, a tsakiyar shekarun mutum cikin abubuwa 14 da ke ƙara haɗarin ciwon, waɗanda kuma ake iya magancewa. Hawan jini, ciwon suga, taba da raunin ji duk suna ciki.

Kada ku ce ai ni siriri ne, kullum ina bin shanu. Kitsen jini ba a fuska ake ganinsa ba. In kun kai arba'in, ranar da kuka shigo gari cin kasuwa ku ratsa asibiti a auna. In ya yi yawa, a rage man shanu, kitse da soye-soye, a sha maganin da likita ya rubuta.

Dattijon da ya soma ruɗewa kuma, kada a kulle shi ko a kira shi mahaukaci. A kai shi likita, don wata mantuwar daga ƙarancin sinadarin B12 take, kuma tana da magani.

Allah Ya ba mu tsufa mai albarka. Sai mako mai zuwa.