Daga Gangara zuwa Tsaunin Mambila

A nan Gangara ta Damargu ba a raba mu da shayi. Ko rana ta take, buta na bisa gawayi a fada, ana zuba na fari, ana jiran na biyu. Amma mu nawa ne suka taɓa ganin ganyen a jikin itacensa?

Ba sai an je Sin ba. A jihar Taraba ta Najeriya akwai tsaunin Mambila, tsayinsa kusan mita 1,600. Bayan an wuce garin Serti mota ke kama hawa, hanya na murɗewa kamar igiya, har kunne ya toshe. A Kakara gonar shayi ta rufe tuddai, kore shar, masu tsinka na cire tohon sama suna jefawa a kwandon baya. Da asuba hazo kan ɓoye shanun Fulani, ruwan alwala kuwa sai an ɗumama.

Jamus ta mulki yankin, Ingila ta karɓa, sai ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta haɗa shi da Najeriya. Ƙaramar hukumar ma sunanta Sardauna. A kasuwar garin Gembu da ke kan tsaunin, da Hausa za ka yi ciniki.

Ɗan Damargu, in kaka ta yi kyau, ka je ka gani. Ka riƙe bargo.